Tambaya da amsa: An hana mu kunna wuta kusa da tanka, me za mu ci a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni direban tankar mai ne, iyalina na nan Maraɗi. Muna ɗauko mai daga matatar SORAZ ta Damagaram, mu kai Ƙonni ko Doso, wani zubin har Yamai. Tsakanin jiran lodi da tafiya da jiran sauke kaya, sai in share mako guda ina kwana cikin mota, ni da yarona. Dokar aikinmu ta hana kunna risho ko gas ko gawayi kusa da mota. Abincin tasha kuma ga cin kuɗi, ga ɓata ciki. Yanzu kullum gari da sukari ne, sai burodi da shayi. Ina fama da kasala da taurin bayan gida. Don Allah me zan riƙa haɗawa ba tare da na ɗora tukunya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam direba. Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Dokar nan ta hana wuta, ka riƙe ta da hannu biyu, kuma kada ka bari yaronka ya karya ta a ɓoye don ya dafa shayi. Ba mu manta da tankar da ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu. Tiririn fetur ba ya jiran wuta ta taɓa shi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Su ma masu motar kaya da dokar ba ta shafa ba, kada su shiga da gawayi cikin kan mota lokacin hunturu su rufe gilashi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi.

Girkinka a gida za a yi shi, kafin ka tashi. A soya abin da za a soya, a busar da abin da za a busar, a daka, a zuba a mazubi mai murfi. A hanya aikinka haɗawa ne kawai. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: komai ya zauna a bushe, ruwa ba zai taɓa shi ba sai lokacin da za ka ci, abin da ruwa ya taɓa kuma a cinye shi nan take. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sai da laima suke hayayyafa, kuma sun fi sauri tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin zafi. Kan motarka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, yana tsakiyar wannan ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba cikin sanyi ba. A irin zafinmu ni awa ɗaya nake ba mutane.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Buzaye masu ayarin gishiri zuwa Bilma da gero da dabino da cuku suke ratsa sahara, su dama da ruwa su sha. Shi ne tukuɗin da muka sani, kuma da shi nake so ka maye gurbin burodi da shayin safe. A surfa gero kamar tiya ɗaya, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau. Sai uwargida ta zuba shi a tukunya ba mai, ta riƙa juyawa a kan wuta har ya soma ƙamshi ya ɗan canza launi. Wannan suyar tana da muhimmanci, don ita ke sa garin ya daɗe bai yi tsami ba, kuma ya fi ɗanyen gumba sauƙin narkewa a ciki. A kai niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono. A cire ƙwallon busasshen dabino a daka shi daban, cuku ma a daka shi, sannan a cuɗa su da garin. Da safe ka ɗebi cokali huɗu ko biyar a kofi, ka ƙara madarar gari, ka zuba ruwa ka dama. Zaƙin dabinon ya wadatar, ba sai ka sa sukari ba. Gero na da sinadarin gina jiki da na ƙarin jini, cuku da madara su ƙara masa, sai ka ga har azahar yunwa ba ta dame ka ba.

Yanzu ga garin rogon da ka dogara da shi. Ban ce ka bar shi ba, don babu abin da ya kai shi sauƙi a hanya. Amma gari kusan zallar sitaci ne, abin gina jiki a cikinsa bai taka kara ya karya ba. In ka haɗa shi da sukari, ƙarfi zai zo maka da sauri ya tafi da sauri, sai kasala da gyangyaɗi su biyo baya, kai kuwa kana riƙe da sitiyari. Kasalar da kake faɗa, ina kyautata zaton daga nan take. Gari abokin haɗi yake so, kuma mu mutanen Maraɗi ba a kai mu abokin haɗi ba, tunda ƙasar gyaɗa ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa sinadarin gina jiki ne, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi haka saboda an matse mai.

A daka maka ƙuli-ƙuli da busasshen barkono da citta da ɗan gishiri, a cika maka gwangwanin madara da shi. In za ka ci, ka zuba gari a kwano, ka yayyafa ruwa kaɗan yadda zai jiƙa bai caɓe ba, ka rufe minti biyar. Ka yanka albasa da tumatir a kai, ka barbaɗa garin ƙulin da yawa, kada ka yi masa rowa, ka zuba man gyaɗa cokali ɗaya ka cuɗa. Ranar da ka samu hali ka buɗe gwangwanin sardin ka juye har da mansa. Wannan kwaɗon cikakken abinci ne, ba maleji ba. Hanyarka ma ta taimake ka: albasar Galmi tana bakin titi tsakanin Madawa da Ƙonni, kuma tana yin makonni ba ta lalace ba in ka rataye ta a buhun raga inda iska ke shiga. Tumatir kuwa ka sayi na kwana biyu, mai ƙarfi wanda bai gama nuna ba.

Ganye shi ne abin da direbobi suka fi rasawa, shi ya sa taurin bayan gida ya zama ciwon sana'a. Ga zogale nan birjik a Jiratawa da kasuwannin Maraɗi. A dafa shi a gida, a matse, a baza shi a inuwa har ya bushe yana ƙaras-ƙaras, a zuba a jakar yadi. A hanya sai ka jiƙa dunƙule ɗaya da ruwan zafi kamar minti goma sha biyar, ka matse, ka kwaɗa da ƙuli da albasa, ko ka cuɗa cikin garin. In babu ruwan zafi, garin busasshen zogale cokali ɗaya cikin kwaɗo ya yi. Ka ƙara da abin da ake ci ɗanye: karas, kokwamba, yalo, goba da mangwaro a lokacinsu, lemun tsami kuma kada ya yanke maka, don matsa shi a kan abinci na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da gero. Salatin da aka yanka aka ajiye a tire a tasha, wannan ka bar shi, ba ka san ruwan da aka wanke shi da shi ba.

Ina ruwan zafi zai fito? Daga mai shayi. Ka sayi flas mai kyau, babba, duk inda ka tsaya da asuba ka ba mai shayi ya cika maka da tafasasshen ruwa, kana kallo yana tafasa. Da flas ɗin nan girki ya buɗe maka. Kuskus na kanti ruwan zafi kawai yake so: awo ɗaya na kuskus, awo ɗaya na ruwa, ɗan mai da gishiri, a rufe minti biyar, a wargaza da cokali, a sa sardin ko dambun nama da albasa. Taliyar leda mai saurin dahuwa ma tana nuna a haka, sai dai kada ta zama ta kullum, kuma rabin sinadarin da ke cikin ledar ya isa, gishirinsa ya yi yawa. Ka sayi dafaffen ƙwai da ɓawonsa, wanda aka dafa a ranar, ka ci a ranar. Abu ɗaya kada ka gwada: jiƙa wake ko shinkafa a flas da nufin su dahu. Wake sai ya tafasa sosai a kan wuta, in ba haka ba ciki zai gaya maka.

Nama kuwa busasshe za ka nema. Kilishin Madawa ko na Tasawa, in ya bushe da kyau, a takarda za ka naɗe shi, don leda na sa shi gumi ya yi fumfuna. Dambun naman da aka soya ya bushe shi ma yana jure tafiya. Tsire da balangu da soyayyen kifi na ci yanzu ne, da zafinsu, ba na ajiya ba. Haka fura da nono: ka sha inda ka yarda da tsabtar mai damawa, amma kada ka ɗura a gora da safe ka ce sai la'asar. Na abin taɓawa lokacin tuƙi, ga aya, ga soyayyar gyaɗa, ga dabino da dakuwa. Gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, ko take warin ruɓa, ka zubar kada ka ji asara. Fumfunar gyaɗa na ɗauke da guba mai lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

Na bar maganar ruwa zuwa nan ne don ita ce ta fi damuna. Duk abin da na lissafa da ruwa ake haɗa shi, kuma ba za a dafa shi bayan nan ba, saboda haka in ruwan ya gurɓata, duk wahalar uwargida ta tashi a banza. Jiharmu ta ga kwalara a 2018, daga yankin Madarunfa ta soma, ta sake dawowa a 2021, kuma ruwa da hannu marar tsabta ne hanyarta. Ka ware jarka ɗaya ta lita 20 ta ruwan sha kaɗai, sabuwa, wadda ba a taɓa zuba mai ko wani sinadari a ciki ba, mai ƙaramin baki yadda ba a tsoma kofi. Ka cika ta daga famfo. In dole ta sa ka ɗebi na rijiya, ka tace da tsabtataccen ƙyalle, ka jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs da ake samu a farmasi, ka bi adadin da aka rubuta a jikin takardarta, ka jira minti 30 kafin ka sha. Akwai kuma dabarar rana: ka cika farar gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba da ruwa garai-garai, ka kwantar da ita a rana awa shida, in da hadari kwana biyu. Sanyaya ruwa kuwa kun fi ni sani, jiƙaƙƙen buhu a jikin jarka, iskar tafiya ta yi sauran.

Ka sha ruwan da yawa, kada ka rage don gudun tsayawa fitsari. Da yawan direbobi haka suke yi, shi ke ƙara taurin bayan gida, ya kuma wahalar da ƙoda. In fitsarinka ya yi ja-ja, ruwa jikinka ke nema. Kuma hannun da ya taɓa tiyo da bawul da gas-wal ba ya shiga kwano sai da sabulu. Sabulu da buta su zauna kusa da kujerarka, kwano da wuƙa a wanke su da an gama, a bar su su bushe. Yaronka ma haka, tunda kwano ɗaya kuke ci.

Gishiri da sukari suna shiga abincin hanya ba a sani ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Sardin da kilishi da ƙuli duk da gishirinsu suke zuwa, don haka ranar da ka ci su kada ka ƙara dunƙulen magi. Shayi kofi ɗaya ko biyu ba laifi, amma ka rage sukarin, ka kuma ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, don yana hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarin jini. Mai zama kan kujera yini guda yana cikin haɗarin hawan jini da ciwon sukari, ga kasalar da ka ambata. Wannan dawowar ka shiga asibiti a auna maka duka biyun, a duba yawan jininka.

In gudawa ta kama ka a hanya, ka dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. Fakitin gishiri da sukari na farmasi ya fi wannan daidai, ka ajiye biyu ko uku a mota. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ka faka motar ka nufi asibiti mafi kusa, kada ka ce sai ka kai gida. Ban kuma ce ka daina cin abincin tasha gaba ɗaya ba. Sau ɗaya a rana, in ka samu inda ake sauke tukunya a gabanka, tuwo ko shinkafa da wake na tururi, ka zauna ka ci da zafinsa.