Amsa ga mai son auna yadda birnin Kano ke cin gonaki da hoton tauraron ɗan'adam

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana ajin ƙarshe a sashen labarin ƙasa, aikinka kuma shi ne auna yawan gonakin da gine-gine suka cinye a Kumbotso da Ungogo cikin shekara 30, kana tambaya ko ƙirƙirarriyar basira za ta iya yi maka aikin. Za ta rarraba maka hoton cikin mintuna, amma fa abin da ka koya mata shi za ta maimaita, kuma ƙasar Kano tana da wani tarko da ke kayar da ɗalibai da yawa.

Fara da hotunan. Na taurarin Landsat kyauta ne a shafin intanet na EarthExplorer, kowane ɗigo (pixel) a cikinsu mita 30 ne tsawo da faɗi a ƙasa, wato kusan fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100. Ɗigo ɗaya hekta 0.09 ke nan, da shi za ka ninka yawan ɗigogin a ƙarshe don samun faɗin ƙasa. Hoton tauraron Sentinel-2 ya fi fitowa tangaran, mita 10, sai dai a 2015 aka harba na farko, don haka ba zai kai ka baya ba. Kada ka tsayar da shekarun bincikenka kafin ka duba abin da ke rumbun, domin hotunan Landsat 5 na Afirka ta Yamma ba su da yawa. Ka guji Landsat 7 na bayan watan Mayun 2003. Wata na'urarsa ta lalace a lokacin, hotunan suna zuwa da zane-zanen da babu komai a ciki.

Tarkon shi ne lokacin da aka ɗauki hoton. Ɗalibi zai zaɓi na Janairu ko Maris saboda babu gajimare, alhali a lokacin an riga an girbe gero da dawa, an kwashe kara, dabbobi sun share saura. Busasshiyar gona da soron ƙasa da filin ƙwallo da titin da ba kwalta, duk kala ɗaya suke a idon tauraro. Sai kwamfuta ta zuba gonakin Ungogo cikin rukunin gine-gine, taswira ta nuna gari ya kumbura fiye da gaskiya. Ga kuma hazon hunturu da ke dusashe komai. A Yuli da Agusta kuwa gajimare ne ke rufe ƙasa. Nemi hoton ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da sama ta fara washewa gonaki kuma suna da sauran kore. In da hali ka haɗa shi da na rani ɗaya a kowace shekara: wurin da ya yi kore da damina ya bushe da rani gona ce, wanda bai yi kore ba ko da damina gini ne ko fili tsirara, wanda ya zauna kore har cikin Maris kuwa lambu ne ko fadama irin ta bakin Challawa. Kuma duk shekarun da za ka kwatanta su zama watanninsu ɗaya.

A manhajar taswira ta QGIS, mayar da komai kan UTM (tsarin da ke auna ƙasa da mita) shiyya ta 32 ta arewa, lambarta 32632, kafin ka auna faɗin ko'ina. In ka bar shi a digiri, lissafin hektarka shirme ne. Tsohuwar taswirar safiyo da aka yi a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin safiyon Najeriya, ba za ta hau daidai kan hoton ba sai ka juya ta.

Rukuni biyar sun ishe ka: gini, gona, fili tsirara, itatuwa da ciyayi, sai ruwa. Kowane rukuni ka samo masa wurare 50 aƙalla a matsayin samfurin da za ka koya wa kwamfuta da su, kuma wani kaso daga ciki da ƙafarka za ka taka. Sa manhajar tattara bayanai ta KoboCollect a waya, ka tsaya a tsakiyar wurin da ya kai mita 90 ta kowane ɓangare ba tare da ya gauraya da wani abu ba, ka jira kuskuren GPS ya sauko ƙasa da mita 5, sannan ka ɗauki hoto. Ka kula da sababbin fulotai na bayan gari, waɗanda aka zagaye da bulo layi uku amma har yanzu ana shuka gyaɗa ko wake a ciki. Yanke hukunci tun farko ko gini ne ko gona, ka rubuta dalilinka, ka tsaya a kai. Na shekarun baya da ba za ka iya takawa ba, duba tsofaffin hotunan Google Earth Pro, abin da ya gagara kuma ka je wa mai unguwa da dattawa da ladabi. Sun san shekarar da aka yanka kowace gona.

Daga nan sai Random Forest, dabarar da kwamfuta za ta rarraba ɗigogin zuwa rukunan da ita, a dandalin Google Earth Engine ko ta Semi-Automatic Classification Plugin na QGIS. A saitinsa, adadin "itatuwa" (trees) 100 ya wadatar. Koyar da shi da kashi 70 na samfuranka, ka ɓoye 30 don gwaji. Kada ɗigon koyarwa da na gwaji su fito daga gona ɗaya, domin zai ba ka daidaito kashi 98 na ƙarya. In ka ga irin wannan maki a ƙasar Kano, zargi aikin tukuna. Kuma ka duba jadawalin kuskure rukuni-rukuni, musamman tsakanin gini da fili tsirara.

Su ChatGPT suna da amfani wajen rubuta umarnin Earth Engine da fassara saƙon kuskure, amma sukan kawo tsohon sunan rumbun hotunan Landsat mai C01 wanda aka daina. Na yanzu na Landsat 8 LANDSAT/LC08/C02/T1_L2 ne, kuma sai ka ninka ƙimarsa da 0.0000275 ka debe 0.2. Sukan kuma rikita lambobin tsagin haske (bands), wato kalolin hasken da tauraron ke ɗauka daban-daban. NDVI, wato ma'aunin koren tsirrai, a Landsat 8 da tsagi na 5 da na 4 ake yi, a Landsat 5 kuwa na 4 da na 3, a Sentinel-2 na 8 da na 4. In aka yi kuskuren nan umarnin zai gudu lafiya lau, taswira ta fito da kyau, sakamakon kuma ba daidai ba. Kada ka karɓi sunan maƙala ko adadin jama'a daga bakinsu sai ka gani da idonka a tushe, domin suna ƙirƙiro marubuta da shekaru.

Ka tambayi malamin da ke duba aikinka ƙa'idar sashenku kan amfani da su, ka bayyana a babin hanyoyin bincike inda suka taimaka. Ranar kare aiki za a iya nuna wani jan tabo a taswirarka kusa da Panshekara a ce me ya sa ya zama gini, don haka ajiye lambar kowane hoto da ranar ɗaukarsa da fayil ɗin samfuranka a wuri biyu, ɗaya a filashi.