Amsa: Nisan inji da bayan kwale-kwale

Malam, ka ce kana kamun kifi a Dam ɗin Tiga, ka sayi ƙarfen ɗaga inji, wato jakfilet, da ake ɗaurawa tsakanin inji da bayan kwale-kwale, kana tambayar inci nawa za ka ja injin baya, don farfela na shan iska in ka sha kwana.

Ni dai ina ganin tsayi ne matsalarka, ba nisa ba. Duba faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela: a fara saita shi daidai da gindin kwale-kwalen. In ka ja inji baya, ruwa yana tasowa a wurin, sai ka iya ɗagawa kaɗan. Nisan kuwa, ga ƙaramin jirgi, inci 4 zuwa 6 ya wadatar. Inci 10 ko 12 na manyan jirage masu gudu ne.

Ɗaga rabin inci, ka gwada da kayanka a ciki, raga da mai da abokin tafiya, sannan ka ƙara. Idonka na kan ruwan da injin ke tsartowa, wato ruwan da ke sanyaya shi. Ya ragu? Sauke injin ƙasa maza, kafin ya yi zafi. Nan mutane ke ƙona kuɗinsu.

Katakon bayan kwale-kwalen kuwa, makanikin jirgin ruwa ya duba ƙarfinsa tukuna, ba na babur ba, don nisa yana ƙara masa nauyi.