Garin TiO2 ɗina ya yi baƙi, amma ba ya aiki

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar sinadarai ce a Yamai. Na gasa garin TiO2 (titanium dioxide, farin garin da ke cinye dattin ruwa in haske ya same shi) da gishirin NaBH4 don in buɗe masa guraben oksijin, wato wuraren da oksijin ya fita daga ƙwayarsa, ya fito baƙi ƙirin. Amma da na kai su rana, farin P25, wato garin TiO2 na kasuwa, ya fi shi saurin cinye shuɗin metilen, rinin da nake gwaji da shi. Saura wata biyu in kare aikina, barci ya gagare ni. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Kin faɗa tarkon da nake fama da ɗalibai a kansa kullum: wai iya baƙi, iya aiki. Sai yaro ya shigo da 'yar kwalba, baki har kunne, "Malam, dubi yadda ya yi baƙi!" To, gawayi ma baƙi ne.

Tun 2011 da masana Chen da Mao suka fito da baƙin TiO2 a Amurka aka ruɗe da launi. Ba a lura cewa fatar ƙwayar kawai suka hargitsa da haidirojin ba, cikinta na nan a tsare. Gurbin da ke saman ƙwaya yana riƙe oksijin na iska, ya miƙa masa elektiron, aiki ya tafi. Wanda ke can ciki kuwa rami ne: elektiron ya faɗa, ya koma inda ya fito, hasken da aka sha ya zama zafi. Garinki yana shan rana fiye da P25, ba musu, amma dafa kansa yake yi da ita. Launi shaidar shan haske ne kurum. Masu tallar "baƙin gari mai tace ruwa" a intanet ba su san wannan ba, ko sun sani sun yi gum.

Rage wuta zuwa wajen digiri 300, ki taƙaita lokaci, ki nemi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Ki wanke ragowar gishirin sosai, nesa da wuta, don NaBH4 na fitar da haidirojin in ya taɓa ruwa.

Shuɗin metilen ɗin ma ban yarda da shi ba, shi kansa yana shan haske. Bar gaurayen rabin awa a duhu kafin ki kai shi rana, sannan ki sake gwaji da fenol, sinadarin da ba shi da launi. Baƙin garin nan kuma kada ki zubar, sa shi cikin jadawalinki kusa da mai toka-toka, alƙalan jarrabawa su ga bambancin da idonsu.