Katin guzuri na dala: shin cajin da ake cirewa a ƙasar waje riba ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina da niyyar kai mahaifiyata Umra bana in Allah ya yarda, kuma ba na son riƙe tsabar kuɗi masu yawa saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Kati uku ne a gabana: katin naira na bankina, da katin dala da ake loda wa kuɗi kafin tafiya, da wani da aka yi mini tayinsa wanda zan kashe kuɗin banki in biya daga baya. Kowanne da cajinsa: na buɗewa, na cire kuɗi a ATM, da wani kaso da ake ɗorawa kan farashin canji. Wani abokina ya ce duk riba ne, tunda kuɗi na ba su suka mayar mini da ƙasa da abin da na bayar. Akwai kuma ɗan canjin da ya ce in tura masa naira yau, bayan kwana uku ya loda mini dala a farashi mai sauƙi. Sannan Hajiya tana son sayen sarƙar zinariya a Madina. Mene ne hukunci, kuma wanne zan ɗauka?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya saka maka da alheri, Alhaji, bisa hidimar mahaifiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Katin da kuɗinka ne a cikinsa, na naira ne ko na dala, halal ne ka yi amfani da shi, kuma cajin da aka bayyana maka tun farko ladan aiki ne, ba riba ba. Katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba. Cinikin ɗan canjin nan kuwa haramun ne a yadda ya tsara shi, kuma shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin tambayarka.

Abokinka ya yi kyakkyawar niyya, tsoron riba alama ce ta imani, amma ya sa hukunci inda ba wurinsa ba. Ribar bashi ƙari ne da mai ba da rance yake karɓa daga wanda ya ranta wa. To a katin da ka loda wa dala 1,000 taka, wa ya ranta wa wani? Banki bai ba ka ko sisin kwabo nasa ba. In ma akwai rance, kai ne ka ranta masa, domin malamai suna ɗaukar kuɗin da ke asusu a matsayin bashi a wuyan banki. Abin da ya yi maka aiki ne: ya buga kati, ya haɗa ka da Visa ko Mastercard, ya sa kuɗin da ka zuba a Birnin Kebbi suka fito maka riyal a Makka cikin daƙiƙu. Wannan wakilci ne da lada, kamar kuɗin dakon da kake biyan mai mota ya kai maka buhunan shinkafa Kano. Sharaɗinsa ɗaya: a san ladan kafin a ƙulla. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maskat a 2004, ta halatta fitar da kati mai kuɗi a cikinsa da mu'amala da shi, matuƙar babu sharaɗin kuɗin ruwa a ciki.

Malaman zamani sun saɓa a kan cajin cire kuɗi idan kaso ne cikin ɗari, ba tsayayyen adadi ba. Wasu sun ce dole ya zama tsayayye, tunda aikin fitar da riyal 500 da na riyal 2,000 ɗaya ne. Wasu sun ce ladan wakili yana iya zama kaso. Abin da na rinjayar shi ne halacci a katin da kuɗinka ne a ciki, domin dalilin hanin shi ne tsoron kada a ɓoye riba a bayan sunan caji, kuma wannan sai inda banki ya ba da rance. Wanda ya samu mai tsayayyen caji ya ɗauke shi, ya fita daga saɓani.

Ɗalibin da ya karanta littattafan Malikiyya zai iya cewa: ai wannan ita ce suftaja, mutum ya ba da kuɗi a wani gari a rubuta masa takarda ya karɓa a wani gari, kuma malamanmu sun hana ta saboda mai ba da rance ya amfana da amincin hanya. Gaskiya ne, amma Shehu Halil a Mukhtasar ya togace lokacin da tsoro ya game hanyoyi. Wanda yake bin hanyoyin Kebbi da Zamfara a shekarun nan ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan togaciya. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana karɓar dirhami a Makka ya rubuta wa ɗan'uwansa Mus'abu a Iraƙi ya biya, kuma Ibnu Taimiyya ya halatta ta domin amfanin na ɓangarorin biyu ne, babu wanda aka cuta.

Katin bashi ba sai an tsawaita ba. Majalisar nan, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da shi ko a yi mu'amala da shi ba idan akwai sharaɗin ƙari saboda jinkiri, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adin ya cika. Sa hannu a kan sharaɗin shi kansa yarda ce da riba, kuma a hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, la'anar ta haɗa da mai ci, da mai bayarwa, da marubuci, da shaidu biyu. Ka mayar musu da tayinsu.

Yanzu ɗan canji. A nan nake so ka tsaya da kyau, domin mutanenmu da yawa suna ƙyamar cajin dala biyar da yake halal, sannan su faɗa cikin wannan da yake riba tsantsa ba su sani ba. Sayen dala da naira canji ne, kuma takardun kuɗi suna ɗauke da hukuncin zinariya da azurfa, kamar yadda Majalisar ta tabbatar tun zamanta na Amman a 1986. Annabi (SAW) ya ce a hadisin Ubadatu ɗan Samit, a Sahihu Muslim, idan jinsunan suka bambanta ku sayar yadda kuka ga dama, matuƙar hannu da hannu ne. Ke nan farashi a buɗe yake: wani ya sayar maka da tsada, wani da araha, shari'a ba ta ce komai ba. Jinkiri ne ta hana. A Muwaɗɗa, Maliku ɗan Ausu ya je canjin dinare 100 wurin Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi, suka daidaita, Ɗalhatu ya karɓi zinariyar ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri kusa da Madina. Sayyidina Umar yana jin su, sai ya rantse cewa kada Maliku ya rabu da Ɗalhatu sai ya karɓi kuɗinsa. Ɗalhatu ne fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Babu wanda ya yi shakkar amanarsa, amma ba a yarda da jinkirin wuni guda ba. To ina ga kwana uku, kuma an rage farashi saboda jinkirin? Rangwamen nan kuɗin jira ne, kuma kuɗin jira a canji shi ne ribar jinkiri.

Gyaransa mai sauƙi ne. Ku zauna, ko ku tsaya a waya, ranar da dalar take hannunsa. Ku yanke farashi a lokacin, ka tura naira, ya tura dala, kowa ya ga saƙon shigar kuɗinsa kafin ku rabu. Shigar kuɗi asusu kamu ne a shari'a, wato daidai yake da karɓa hannu da hannu, haka Majalisar ta yanke a Jidda a 1990, kuma ta yi afuwa ga ɗan jinkirin da tsarin banki ya saba da shi. Jinkirin na'ura daban, jinkirin da mutum biyu suka sharɗanta daban. Idan ba shi da dalar yau, riƙe nairarka, ka nemi banki ko ɗan canji mai lasisi.

Haka hukuncin yake a can idan ka sayi abu da riyal aka cire daga dalarka. Asalinsa hadisin Ibnu Umar ne, da yake sayar da raƙuma da dinare ya karɓi dirhami, Annabi (SAW) ya ce masa babu laifi idan da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Masu Sunan sun ruwaito shi, kuma duk da maganar da malaman hadisi suka yi a kan isnadinsa, mafi yawan malaman fiƙihu sun yi aiki da shi.

Zinariyar Hajiya: ta saya da katin da kuɗi suke ciki, bisa abin da malamai da yawa na wannan zamani suka tafi a kai, da sharaɗin na'ura ta nuna an cire kuɗin, a ba ku rasit, sarƙar ta shiga hannunta kafin ku bar shagon. Ban da "mu biya rabi, gobe mu cika", ban da biya yau a karɓi kaya jibi. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ciri riyal a ATM ku biya lakadan, wannan babu mai saɓani a kansa.

Sai zaɓi tsakanin biyun da suka halatta. Wannan ma addini ne, domin Annabi (SAW) ya hana tozarta dukiya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Mugiratu ɗan Shu'uba. Kada kalmar "kyauta" ta ruɗe ka. Ka nemi takardar caji a rubuce, ka tambayi nawa ne buɗewa, nawa ne lodawa, kaso nawa ake ɗorawa kan canji, nawa ne kowane cirewa, ko ana yanka wani abu duk wata, da yadda za ka karɓi ragowar kuɗinka idan ka dawo. Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara don lissafi kawai: za ka kashe dala 1,000, ka je ATM sau shida. Kati na farko ba a biyan kuɗin buɗewa, amma yana ɗora kashi 3 cikin 100, da dala 5 kowane cirewa, jimla dala 60. Na biyu dala 15 ne buɗewa, kashi 1 cikin 100, da dala 3 kowane cirewa, jimla dala 43. Wanda aka kira kyauta shi ya fi tsada. Ka kuma tuna bankin da ya mallaki na'urar a can yana iya ɗora nasa cajin, don haka cire mai ɗan yawa sau kaɗan ya fi cire kaɗan-kaɗan kullum.

Ga mai zuwa Saudiyya, ni katin dala nake fifitawa. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, saboda haka kana iya bin diddigi da kanka: sayayyar riyal 375 dala 100 ce, in ka ga an cire 103 ka san an ɗora kashi 3. Katin naira kuwa canji biyu ake yi masa, riyal zuwa dala sannan dala zuwa naira a farashin da banki ya sa a ranar, kuma tun Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira kasuwa take yanka mata farashi, ba ka da tabbacin na gobe. Wannan bai haramta shi ba, tunda farashin ranar ciniki ake bi kuma ana iya saninsa, amma ya sa lissafin guzuri ya yi wuya. Ƙari a kan haka, bankuna suna sa masa iyakar abin da za a kashe a waje, kuma da yawansu sun taɓa rufe shi ɗungurungum a wajajen 2022, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Ka tabbatar naka yana aiki kafin ka hau jirgi. Verve an fi saninsa a cikin gida, kada ka dogara da shi a can.

Wani abu da yake cinye kuɗin matafiya ba su lura ba: na'urar shago ko ATM takan tambaye ka, da riyal za a cire ko da dala? Ka zaɓi riyal. In ka zaɓi dala, ɓangaren mai na'urar ne zai yi canjin da farashinsa, kuma galibi ya fi tsada. Masauki kuma yakan riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina har sai kun fita, wani lokaci ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Riƙewar ba haramun ba ce, amma kada ta ritsa da kuɗin abincinku.

Caji biyu ne zuciyata ba ta kwanta da su ba: wanda wasu katunan manhajar waya suke yanka idan ciniki ya ƙi shiga saboda kuɗi bai isa ba, da wanda ake ta zaftarewa a katin da aka ajiye ba a amfani da shi har ragowar ta ƙare. Idan ya wuce gwargwadon aikin da aka yi, yana kusa da cin dukiyar mutane da ɓarna da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Laifin yana kan mai karɓa, amma kai ka guje wa irin wannan kati in kana da wani, kuma ka kwashe ragowarka da zarar kun dawo. Idan kuma aka ce za a riƙa ƙara maka wani kaso saboda kuɗin da ka bari a ciki, wannan kuɗin ruwa ne, kada ka amince. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ne abin fara tambaya. In ba ka samu biyan buƙata a can ba, katin wani banki ya halatta matuƙar yarjejeniyarka da su babu ruwa a ciki.

Ka riƙe ɗan tsabar riyal ko dala don mota da sadaka da ranar da na'ura ta ƙi, kuma dokar ƙasa ta wajabta bayyana wa kwastam abin da ya haura dala 10,000. Katin Hajiya ya zauna a hannunka da izininta, kai ne wakilinta, kada a bar ta a gaban ATM tana neman baƙo ya danna mata lambobin sirri. Dalar da ta rage a kati dukiyarka ce, ka haɗa ta da sauran kuɗinka ranar fitar da zakka.

Allah ne mafi sani.