Tambaya da Amsa: Ina Gombe ta Asali Take?

Tambaya: Malam, ɗana yana karanta Tarihi a Jami'ar Jihar Gombe. Da ya zo hutu sai ya ce mini wai Gomben da muke zuwa cin kasuwa ba ita ce ta asali ba. Haka ne? Daga wata uwa a Bajoga.

Amsa: Hajiya, yaron nan gaskiya ya faɗa, Allah ya saka wa malamansa. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa fadarsa, bakin kogin Gongola wajen Dukku. Bayan zuwan Turawa aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, wato Gomben da kika sani yau.

Ke ma da kike Bajoga, ai tarihi na ƙofar gidanki. A Mbormi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a yaƙi da sojojin Birtaniya cikin Yulin 1903. Kabarinsa na nan, da na Manjo Marsh, Baturen da shi ma ya faɗi ran nan. Yana ci mini rai in ga yaran Funakaye, ƙaramar hukumar da Bajoga da Mbormi suke ciki, sun girma ba su taɓa taka wurin ba. In ya sake zuwa hutu, ki ce ya kai ki, ya riƙe littafi da biro ya zauna gaban dattawan garin.