Amsa: Kwastomomi na zargin muna miƙa aikinsu ga wasu saboda ba mu da ofis

Ɗan'uwa, ka ce da zarar kwastoma ya ji kamfaninku ba shi da ofis, kowa daga gida yake aiki, sai ya ɗauka kwangilarsa za ku miƙa wa wasu can a kan araha. To gaskiya kar ka ɓoye, kar kuma ka je ka yi hayar adireshin bogi don burga, ranar da ya gano yarda ta tafi kenan.

Abin da ke cin ransa ba ginin ba ne, so yake ya san waye ke taɓa aikinsa, kuma wa zai kama in abu ya lalace. Saka hotunan ma'aikatanku da sunayensu a shafin kamfani, ranar farko ku yi kiran bidiyo ya ga ainihin mutanen da za su yi masa aikin, ka ba shi mutum ɗaya tak da zai riƙa kira, sannan a rubuce ka faɗa masa awannin da za a same ku tunda agogon ƙasashe ba ɗaya ba ne.

In ya ce ai babban kamfani sai da ofis, nuna masa kamfanin manhajar kwamfuta na GitLab, ba su da ofis ko ɗaya amma sun shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke Amurka a 2021. Kamfanin Automattic masu dandalin buɗe shafukan intanet na WordPress.com ma sun rufe ofishinsu na San Faransisko a 2017.

Amma fa in da gaske akwai ɓangaren da kuke ba wasu na waje, rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko. In kwastoman na Turai ne kuma aikin ya shafi bayanan mutane, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ma ta ce sai da izininsa a rubuce.