Ina zan ga kwasakwasa?

Tambaya: Malam, balbela da zalɓe nake gani kullum a tsofaffin ramukan kuza na Rayfield. Ina zan ga kwasakwasa? Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Malama, ruwan Jos ya yi mata kaɗan. In da hali, ki nufi Djoudj a Senegal, fadamar da ke kusa da inda kogin Senegal ke shiga teku, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1981. Ki je da hunturu. Daga cikin kwalekwale za ki ga dubbansu sun cika tsibiri, suna kamfatar kifi da jakar nan ta ƙarƙashin baki. Warin kashinsu kuwa, sai haƙuri! Ki fita da sassafe, da madubin hangen nesa.